Tsirkiya Huɗu a Tukunyar Umma

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safiyar Asabar, Auta tana tsaye a kicin ɗin mahaifiyarta tana dafa ƙarfe.

Tsirkiya huɗu ce ta jitar bes, wato jita mai kaurin murya, kowace an naɗe ta kamar awarwaro, suna juyi a ƙaramar tukunyar da Umma ke tafasa ruwan shayi. Ruwan ya fara komawa launin ƙasa, wani maiƙo yana tasowa a kai. Zufar wata takwas ke nan ta yatsun mutum ɗaya, mutumin da Abba ya hana a ambace shi a gidan tun watan jiya.

Tsawa ake kiransa. Abokan kiɗansa ne suka laƙaba masa sunan, don in ya ja tsirkiyar nan mai kauri har gilashin taga sai ya amsa. Shi a karan kansa kuwa, sai ka wuni da shi ba ka tara kalma ashirin ba. Shekara biyu suna tare da Auta, kuma a shekara biyun ita ta yi kusan duk maganar.

Shi ya koya mata wannan girkin. Tsirkiyar bes in ta tsufa, dauɗa ce ke shigewa tsakanin naɗin wayar, sai muryarta ta dushe, ka ja ka ji kamar ana dukan katifa. Maganinta sabuwa. To sababbin da ya yi oda sati uku ke nan suna hanya, shagon kayan kiɗa guda ɗaya da ke garin kuma ba ya ajiye sai na ƙaramar jita. In an rasa sabuwa, sai a tafasa tsohuwar na minti goma sha biyar, a goge, a shanya ta bushe sarai, ta ara maka murya ta kwana biyu ko uku.

Shi kwana ɗaya kawai yake nema. Yau ƙarfe huɗu na yamma ƙungiyarsu, su shida, za su hau dandamali a babban zauren taro, karo na farko da sunansu ne a jikin tikiti, ba rakiyar wani mawaƙi suka yi ba. Tun asuba yana can yana jidar sifiku, gas ɗin ɗakinsa kuma ya zaɓi jiya ya ƙare. Shi ya sa jiya da ya biyo ta asibitin da take aikin gwajin jini, ta karɓe tsirkiyoyin daga hannunsa ta jefa a jaka, ta ce ƙarfe ɗaya zai same su a ƙofar zauren, busassu.

Ta tsara komai. Umma ta tafi kasuwa. Abba yana falo da jarida, kuma rabonsa da leƙa kicin tun ranar da magina suka miƙa masa makulli.

Gwaggo ce kaɗai ba ta sa a tsarin ba.

Gwaggo yayar Abba ce, irin matan da sai sun kai tsakiyar gida sannan su yi sallama. Tana da wata ɗabi'a tun tana budurwa: ba ta wuce tukunya a kan wuta ba ta ɗaga murfin ba. Ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo. Ta sa ludayi ta ɗago tsirkiya ɗaya, tana tururi, ta mayar a hankali kamar mai gudun kada ta farka.

"Auta, mene ne wannan?"

"Waya ce, Gwaggo. Ta jita."

"Ta wa?"

Auta ta kawar da kai. Hakan ya wadatar. Gwaggo ta kashe wutar da hannunta, ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta nufi falo da ita tana salati ƙasa-ƙasa.

Kafin ƙarfe goma sha biyu da kwata kotu ta zauna. Abba a kujerarsa da ba mai hawa sai shi, tabarau a karan hanci. Shekara talatin da biyar ya yi yana shugaban makaranta, ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. A kan teburin tsakiya an jera tsirkiyoyin huɗu a faranti, gefe kuma kofin gilashi da Gwaggo ta tsiyaya ruwan a ciki don kada shaida ta salwanta. Umma ta dawo daga kasuwa ta tarar da su haka, ta zauna a bakin kujera, kwandon cefane a cinya.

Auta ta yi bayani. Ta yi shi yadda take yi wa majinyata, dalla-dalla: ƙarfe ne naɗe a kan ƙarfe, maiƙon hannu da zufa ke taruwa a ciki, ruwan zafi ke fitar da su, shi ke nan.

"Zufar wa?" in ji Gwaggo.

"Ta mai jitar."

Gwaggo ta juya ta dubi ƙaninta. "Hedimasta, ka dai ji da kunnenka. Zufarsa take dafawa a tukunyar shayinka. Ni daman na faɗa, ruwa ba ya tsami banza. Yarinya da digirinta, da aikinta, ta rasa wanda za ta liƙe wa sai mai kiɗan da ko waƙar ba shi ke yi ba. Ashe ta ci da sha aka biyo mana."

Abba bai yarda da sammu ba. Ya sha tsayawa gaban ɗalibai yana ce musu camfi ciwon jahilci ne. Amma yau da sammun ya shigo har falonsa yana neman taya shi aiki, bai ga dalilin korarsa ba. Ya gyara tabarau ya ce lallai maganar tana buƙatar bincike, kuma ba za a taɓa farantin nan ba sai mai kayan ya zo da ƙafarsa.

Auta ta dubi agogon bango. Ɗaya saura ashirin. Tsirkiyoyin suna kwance cikin danshinsu, ba a goge ba, ba a shanya ba.

"Abba, yana da wasa ƙarfe huɗu."

"Wasa," in ji Abba. "Ai shi ne matsalar. Kira shi."

Ta kira shi a soro. Ta bayansa tana jin mai ganga yana gwada fata, wani yana ƙirga ɗaya-biyu a makirufo. Ta faɗa masa komai a numfashi ɗaya. Ya ce ga shi nan zuwa.

Da ta juyo, Umma ce tsaye a bayanta. Ta ja ta lungun da ake ajiye tsintsiya, ta riƙe mata hannu biyu, idonta ya cika.

"Auta, ki rufa mini asiri. Tukunya nawa ce a garin nan da sai tawa?"

"Umma, wallahi dauɗa ce kawai."

"Na sani. Ni na haife ki, na san ba ki da wayon yin sammu. Amma kin ba su sanda da hannunki." Ta share ido da bakin mayafi. "Gobe ƙarfe goma manyan Manaja za su zo neman aurenki. Wata guda ina lallaɓa mahaifinki ya ɗaga ranar, jiya har ya fara cewa zai duba. Yanzu da wane bakin zan koma masa?"

"Ni ba na son Manaja, Umma."

"Wa ya ce ki so shi yau? Mutum ne mai natsuwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba."

"Ba a taɓa jin kansa ba don babu komai a ciki."

Umma ta kusa yin dariya, sai kukan ya riga ta. Auta ma ta kasa riƙewa. Suka tsaya a lungun suna kuka marar sauti, kowace tana riƙe da bakin mayafin 'yar'uwarta, har aka ji mota ta tsaya a ƙofar gida.

Manaja ne. Abba ya gayyace shi cin abincin rana. Ɗan aminin Abba ne, yana kula da wani kamfanin tayil na daɓen ɗaki, kuma mutum ne da ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, ba a kuma taɓa kama shi da wani abu dabam ba. Ya shigo da katan ɗin lemo, ya durƙusa ya gaida kowa bisa tsarin shekaru, Gwaggo ta ba shi labari da ƙarin gishirinta. Ya leƙa kofin, ya girgiza kai, ya ce shi dai ba zai yi saurin zargin kowa ba, amma ko ta fuskar lafiya abin dubawa ne. Gwaggo ta ce kun ji magana ta masu tarbiyya.

Biyu da kwata Tsawa ya yi sallama, sai da ya gama haɗa sifiku ya samu fitowa.

Ya shigo da jakar jitar rataye a baya, riga ta jiƙe da zufa, gwiwar wandonsa duk ƙurar dandamali. Ya cire takalmi, ya jingine jitar a bango, ya zauna a ƙasa. Ya gaida Abba, ya gaida Gwaggo, ya gaida Umma. Ya miƙa wa Manaja hannu, Manaja ya ba shi 'yan yatsu uku. Idonsa ya sauka a kan farantin, Auta ta ga yadda muƙamuƙinsa ya motsa da ya ga ruwa na kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin.

Abba ya sa ya buɗe jakar. Jitar ta fito tsirara, dogon wuya ba ko waya ɗaya, kamar bakin tsohon da haƙora suka zube. Abba ya tambaya ko gaskiya ne huɗu kawai take ɗauka, alhali ta sauran mutane shida ce. Tsawa ya ce gaskiya ne. Abba ya ce to ko a cikin makaɗan ma an rage masa biyu ke nan. Manaja ya yi dariya daidai gwargwado.

Sai Tsawa ya yi bayanin tafasawar, cikin jimla uku. Ya ce laifinsa ne, bai kamata ya bar ta ta kawo gida ba, a yi haƙuri.

"In babu komai a ciki," in ji Gwaggo, ta tura kofin gabansa da ɗan yatsa, "shanye."

"Yaya, haba," in ji Umma.

"Ai zufarsa ce. Mutum ya ƙi kayansa?"

Auta ta buɗe baki za ta yi maganar tsatsa da ƙwayoyin cuta, amma Tsawa ya riga ya ɗauka. Ya dubi ruwan, ya yi bismilla, ya kafa kai. Falon ya yi tsit, ana jin saukar kowane kurɓi. Ya ajiye kofin ba ko ɗigo, ya goge baki da bayan hannu, idonsa ya yi ja ya kawo ruwa.

Gwaggo ta jira ya faɗi. Bai faɗi ba. Ta ce ai daman abu ba ya kama mai shi.

Abba ya ɗaga hannu, alamar an gama wannan darasin. Sammun ya yi iyakar aikinsa, ya kawo mutumin har gabansa, yanzu sai a sallame shi.

"Samari," ya ce, "ni ban damu da tukunya ba. Da kai na damu. Ka yi karatu, an ce har takardar shaidar karatun lantarki kana da ita. Amma ka zaɓi ka tsaya a bayan dandamali, inda ko haske ba ya kaiwa, kana jan waya. Ba kai ke waƙa ba, ba kai ake tafa wa ba. In ka daina ma, wa zai sani?"

"Za a sani, Baba," in ji Tsawa. "Ba a jin shigowata. Fitata ake ji."

"To bari mu gwada." Abba ya gyara zama. "Ba na son a ce na zalunce ka. Wannan bawan Allah," ya nuna Manaja, "duk da shi ma nema yake, ya ce akwai gurbin mai kula da sito a kamfaninsu, zai iya ba ka. Ka ga halin girma. Ga kayanka nan a faranti. In ka ɗauka ka fita, ka tafi wasanka, Allah ya ba da sa'a, amma kada ka sake tako ƙofar nan. In ka bar su a nan, ka zauna muka ci abinci, ranar Litinin ka kama aiki, to ni zan ɗaga zuwan mutanen gobe, in saurari naka manyan. Ka zaɓa."

Manaja ya sunkuyar da kai cikin tawali'u. Ko ta ina aka juya, bai yi asara ba: ko ya sami mata, ko ya sami yaron sito da zai riƙa aika.

Agogo ya nuna uku saura kwata. Daga nan zuwa zauren tafiyar rabin awa ce in hanya ta yi kyau. Ɗaura tsirkiya huɗu da saita su, a ja, a sake saitawa har su zauna, wani minti ashirin ne. Auta ta san wannan lissafin kamar yadda ta san na allurai.

Wayar Tsawa ta fara ruri a aljihu. Ya danne. Ta sake. Ya ciro ya duba, Auta ta hango sunan mai ganga a fuskar wayar. Ya kashe ta gaba ɗaya ya kife a kan kafet.

Ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun shigowarsa. Ta ga abin da zai yi tun kafin ya yi.

Ya sa hannu biyu ya tura farantin gaban Abba.

"Na bari, Baba."

Umma ta saki ajiyar zuciya. Gwaggo ta taɓe baki. Manaja ya ce madalla, Litinin ƙarfe bakwai da rabi ake buɗe sito, kuma ba a son latti. Abba ya gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibi ya ba shi amsar da ya rubuta a allo.

Abin da Auta ta yi wata guda tana roƙo a sallah ke nan. An ɗaga zuwan mutanen gobe. An ce a turo manya. Ta jira farin cikin ya zo.

Maimakon haka sai idonta ya sauka a hannunsa na dama, da ke kan gwiwarsa. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, masu kantar nan mai tauri, suna tafiya a kan yadin wandon, ɗaya bayan ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Shi bai ma san suna yi ba. Fuskarsa na kallon kafet, yatsun suna can zauren tare da mutum biyar da ke tsaye suna duban ƙofa.

Ta ga Litinin. Ta ga Litinin ɗin bayanta, da ta bayan wannan. Ta ga mutumin da ba ya tara kalma ashirin a wuni ya koma goma, yana ƙirga kwalayen tayil, yana dawowa gida ya zauna a gabanta, ba zai taɓa cewa ke kika jawo ba, don ba ya cikin masu faɗa. Yatsun ne za su riƙa faɗa mata, a kan tebur, a kan gwiwa, a kan filo, har ƙarshen rayuwa.

Ta miƙe.

Ta durƙusa gaban teburin, ta ɗauki tsirkiya mai kaurin, ta warware ta, ta kama bakin mayafinta ta ja ta a ciki daga kai har gindi. Baƙin layi ya fito a jikin farin yadin. Ta ɗauki ta biyu.

"Auta," in ji Abba. "Me kike yi?"

"Gogewa nake, Abba. In aka ɗaura da danshi tsatsa take yi."

"Ajiye."

Ta goge ta uku. Ta goge ta huɗu, siririyar. Hawaye na zuba a kan hannunta, tana kawar da tsirkiyar gefe don kada ya jiƙa ta. Ta haɗa su ta juya ta miƙa wa Tsawa.

Bai karɓa ba. "Auta, na riga na ba da magana."

"Kai ka bayar. Ni ban karɓa ba."

"Kin ji abin da Baba ya ce. In na fita da su..."

"Na ji. Da kunnena na ji." Ta ƙara miƙa masa tsirkiyoyin. "Mutum biyar suna jiranka. An sayi tikiti. Ni mai jita na ce ina so, tun farko ban ɓoye wa kowa ba. In mai sito nake so, ga mai kamfanin gaba ɗaya a zaune."

Manaja ya gyara wuyan riga. Gwaggo ta ce to, ga aikin ruwan nan ya fara fitowa, wanda ya sha daban, wadda ya kama daban.

"Samari," in ji Abba, murya ƙasa, "sharaɗina bai canja ba."

"Ba shi ya karya ba, Abba," in ji Auta. "Ya zaɓa a gabanka, kowa ya gani. Ni na kore shi. In akwai hukunci, nawa ne."

Ta kama hannun Tsawa, abin da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba, ta buɗe tafin ta danƙa masa tsirkiyoyin ta rufe yatsun a kai.

"Uku ta wuce. Ka ɗaura a mota, ka saita a can. Kada ka ja siririyar da ƙarfi, ta gaji a wajen maɗaurin."

Ya daɗe yana kallonta. Ya mayar da jitar jaka, ya rataya. Ya durƙusa gaban Abba ya ce a gafarce shi. Abba ya ɗauki jarida ya buɗe. Tsawa ya sa takalmi a bakin ƙofa, ɗaya bai gama shiga ba, ya fita yana jansa. Suka ji ƙarar ƙyauren waje, suka ji gudunsa a kan titi har ya ɓace.

Falon ya rage mutum biyar da faranti ba komai a ciki.

Manaja ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai riƙe kowa a zuciya ba, kuma gurbin sito yana nan har ƙarshen wata.

Abba ya ninke jaridar gida huɗu, ya ɗora a hannun kujera.

"Shi ke nan. Mutanen gobe suna nan zuwa ƙarfe goma, kamar yadda aka tsara." Ya dubi 'yarsa ta saman tabarau. "Ni ba na yi wa 'ya'yana dole, kowa ya shaida. A gabansu zan tambaye ki, da bakinki za ki faɗa."

"To, Abba."

"To me?"

Auta tana durƙushe inda take, mayafin da baƙin layuka huɗu a cinyarta. Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗago.

"Ka tambaye ni. Zan amsa."

Abba ya jefa wa dubban ɗalibai tambaya a rayuwarsa, ya san fuskar mai kame-kame, ya kuma san fuskar wanda ya zo da amsarsa daga gida. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya juya wajen matarsa ya ce a kawo abinci, baƙo na jira.

Umma tana zaune a bakin kujera, kwandon cefane a cinya. Ba ta motsa ba.